Injin da Aka Zura Rijiyar Pauwa

Magana biyu nake ji suna yawo a tsakaninku game da mahaifinku, kuma duk biyun ba haka suke ba. Ta farko, wai aljanun rijiya ne suka taɓa shi. Ta biyu, wai ƙanensa Baba Haruna ne ya jefa shi cikin halaka don a san ya yi arziki, sannan ya kwashe kayansa ya bar mu. Na ji har jikoki sun fara ɗaukar ta biyun, suna faɗi kamar a gabansu aka yi. Lokacin da ya kamata in yi muku bayani hannuna yana cikin tukunya da wanki, ku kuma kuna ƙanana. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, karatun yaƙi da jahilcin da na yi da furfura a kaina zai yi amfaninsa. Ina wurin aka yi abin nan, ba labari aka ba ni ba.

Ku kun tashi kun tarar da mutum mai shiru, wanda sai an kama hannunsa ake kai shi masallaci. Ni ba shi na aura ba. Wanda na aura tun daga bakin kasuwa ake jin dariyarsa. Haƙar rijiya ya gada wurin ubansa, kuma daga Ƙanƙara zuwa Tafoki, har Ruwan Godiya da ƙauyukan Sabuwa, da wuya matafiyi ya wuce bai sha ruwan hannunsa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, bai iya wuce mutum bai tsokane shi ba, ni kuwa ni ce abin tsokanarsa na kullum. In na kawo masa tuwo sai ya ɗaga malmala ya leƙa ƙarƙashinta, wai yana neman inda na ɓoye miyar. Ni ma ba a bar ni a baya wajen baki ba. Inna, mahaifiyarsa, cewa take gidanmu ya fi kasuwa hayaniya. Ina kewar wannan hayaniyar har yau, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Abokin aikinsa Nomau ne, wani Bamaguje dogo marar magana daga wata unguwa bayan Pauwa. Mahaifinku ke shiga rami, Nomau ke riƙe igiya, kuma bai taɓa yarda wani ya riƙe masa ita ba, ko liman ne. Suna da ƙa'idar da ba sa tsallakewa. Kafin kowa ya sa ƙafa, sai an kunna fitilar aci-balbal an zura ta a hankali har ƙasa. In ta ci gaba da ci, to, mutum ma zai iya numfashi a can. In harshen wutar ya lanƙwashe ya mutu, iskar ƙasa ta ɓaci ke nan, sai a ɗaure rassan darbejiya masu ganye a igiya a yi ta sama da ƙasa da su har iskar ta sauya, sannan a sake zura fitila. Ranar da hadari ke haɗuwa kuwa, ko hakimi ne ya aiko ba ya shiga. Na taɓa tambayarsa dalili.

"Rijiya na numhwashi, Hanne, kamar ni da ke," ya ce. "In gari ya yi garau sai ta ja iska ciki. In hadari ya taso sai ta huro ta waje, ita kau wadda ta huro ba ta mutane ba ce."

"Ashe shi ya sa kuka saba," na ce. "Ku biyu kullum baki a buɗe."

Ya yi dariya har ya ƙware da fura.

Shekarar da nake ba ku labari ta biyo bayan babban farin nan ne. A ƙasa ruwa ya gudu, a birni kuwa kuɗin mai sun shigo, kowa ya je Kaduna sai ya dawo da rediyo da agogo. Kai babbana, wanda ba na kiran sunansa, kana da wayon bin awaki a lokacin, Binta kuma tana goye. Babbar rijiyar unguwarmu, wadda kakanku ya haƙa, ta ja baya har guga ba ya kawo komai sai laka. Aka yanke shawarar a yi gayya a ƙara mata zurfi kafin damina. Wahalar aikin ita ce kullum safiya za a tarar da ruwan taɓo ya taru a ƙasa har ƙugu, sai an kwashe shi da guga kafin a sa diga, kafin a gama kwashewa rana ta yi tsaka, mai haƙa kuma yana tsaye a ciki.

Ana cikin haka Haruna ya dawo. Direban wani kamfanin gina hanya ne a lokacin, ya zo da takalmi mai tsini da wani jan injin jan ruwa, sabo fil, da tiyo a naɗe kamar maciji. Ku saurara da kyau, domin nan ne maganarku ta karkace. Bai sayi injin nan don a gan shi ba. Da a gan shi yake so, babur zai saya kamar kowa. Da kunnena na ji shi a zaure.

"Yaya, ka gama tsayuwa cikin ruwa kamar kwaɗo. Baba ya mutu ƙahwahunshi a kumbure, ba ni son in ga naka haka."

"To injin naka ya iya diga?" in ji mahaifinku.

"Bai iya ba."

"Alhamdu lillahi. Na zaci ka zo ka kore ni aiki."

Ranar gayya gari ya tashi garau, ba ko ɗigon girgije, ga zafin bazara. Mu mata muna gindin tsamiya kusa da rijiyar muna dama fura. Aka ajiye inji a bakin rijiya, aka zura tiyo har ƙasa, Haruna ya zuba fetur ya ja igiyar tayar da shi. Inji ya yi ta kuka, yara suka toshe kunne, amma ko ɗigo bai fito ba. Ya kashe, ya ɗura ruwa a tiyo, ya sake tayarwa. Shiru. Tsofaffi suka fara murmushi cikin gemu, wani ya ce ai injin birni ne, ba ya shan ruwan ƙauye. Na ga Haruna ya sunkuyar da kai don kunya.

Sai bayan shekaru masu yawa na san abin da ya hana ruwan hawowa. Ɗan Binta, wanda ke koyar da kimiyya, shi ya zaunar da ni da kwalbar lemo da tsinken zuƙa yana yi mini bayani a hankali, wai don kada kan tsohuwa ya juye. Ya ce iskar nan da ke bisa kanmu tana da nauyi, tana danne komai, har fuskar ruwan da ke ƙasan rijiya. Inji ba jan ruwa yake ba. Iskar cikin tiyo yake zuƙewa, sai nauyin iskar waje ya turo ruwan sama. Nauyin nan kuma yana da iyaka, ba ya tura ruwa ya wuce gaba huɗu ko biyar, komai ƙarfin inji. Rijiyarmu kuwa ta ninka haka. Ya ce hatta numfashin rijiya da kakansa ke faɗi gaskiya ne, domin in hadari ya taso nauyin iska kan ragu, sai gurɓatacciyar iskar da ke cikin ƙasa ta samu hanyar fitowa. Na ce masa da ya zo da wuri da ya yi mana amfani. Bai gane ba wasa nake ba.

A ranar babu mai wannan ilimin. Abin da Haruna ya sani shi ne a fadama injin yana aiki, domin ruwa yana kusa. Don haka ya ce a kai injin kusa da ruwan. Kowa ya ga hikimar maganar, har mahaifinku. Shi da kansa ya sauka ta ramukan ƙafa da ke jikin rijiyar ya gicciya azara biyu a can ƙasa, aka ɗaure injin da igiya ɗaya aka zura shi ya zauna a kansu. Haruna ya bi ɗaya igiyar ya sauka ya tayar da shi ya fito. Ba a jima ba tiyo ya motsa, jan ruwa ya feso waje. Muka saki guɗa, yara suka shiga tsalle cikin taɓo, tsohon da ya yi ba'a ya cire hula yana jinjina. Ban taɓa ganin Haruna cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba, kuma ban sake gani ba.

Mahaifinku kaɗai bai yi tsalle ba. Ya durƙusa a bakin rijiya yana shaƙar abin da ke fitowa.

"Warin nan bai yi mani ba. Nomau, kawo hitila."

Aka kunna aci-balbal aka zura. Ta wuce injin, ta kai har fuskar ruwa, tana ci, harshenta tsaye kyam. Ya jawo ta, ya jira, ya sake zurawa. Tana ci. Nomau ya leƙa ya gyaɗa kai. Duk wanda ke wurin ya gani, ni ma na taso na gani. Abin da kakanku ya koya masa, wanda ya tsare ransa tun yana saurayi, ya yi shi ba ragi. Ina so ku riƙe wannan: ba ganganci aka yi ba.

Can sai ruwan ya tsaya, inji kuma yana ta kuka. Laka ta toshe bakin tiyo. Haruna ya ce injinsa ne, shi zai gyara. Ya ɗaura igiya a ƙugu, Nomau ya zura shi har ƙasa, ya kwance igiyar don ya samu sunkuyawa. Mun ji shi yana cewa kansa na sarawa, har yana dariya. Aka kira shi ya amsa. Aka sake kira, ba amsa.

Na ga mahaifinku yana cire riga. Na ruga da Binta a baya na riƙe masa hannu a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba.

"Malam, ka bari a yi ganye tukuna."

"Hitila na ci, Hanne. Zahi ne ya kada shi, kuma huskarshi na cikin ruwa. Kahin a yi ganye ya sha ya ƙoshi." Ya zare hannunsa a hankali. "Aje mani hurata, kar ki shanye."

Ya sauka ta ramukan ƙafa da saurin da ban san yana da shi ba. Muka ji kukan injin ya ɗauke, ya kashe shi a kan hanya. Sai shiru, irin shirun da har kukan kurciya kan tsamiya ake ji. Sannan muryarsa ta taso daga ƙasa.

"Nomau, ja!"

"Kama ku hito tare!" Nomau ya yi tsawa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Ba ta ɗaukar biyu. Ja shi!"

Aka ja. Haruna ya fito kai a langaɓe, laka har gashi. Aka kwance shi aka mayar da igiya. Ta kai ƙasa, ba wanda ya kama ta. Nomau ya girgiza ta, ya kira sunan mahaifinku, ya kira na wasan da yake kiransa. Sai ya juya ya miƙa wa mutanen gari igiyar da bai taɓa ba kowa ba, ya jiƙa rawani ya naɗe fuska, ya shiga. Mutumin da duk rayuwarsa a bakin rijiya yake tsayawa. Ya ɗauro mahaifinku a igiyar aka jawo shi, Nomau kuma ya hawo da ƙafa, yana fitowa ya faɗi yana amai.

Motar wani mai sayen auduga ta kai su asibiti a Malumfashi. A can wani ma'aikacin jinya, dattijo mai haƙuri, ya fassara mini abin da likita ya ce. Cikin hayaƙin injin fetur akwai wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da ake ji daban, ita daban. A fili iska kan watsa ta, amma a rami ko a rufaffen ɗaki taruwa take, ta shiga jini ta tare wurin iska mai kyau. Na ce masa ai mun zura fitila, kuma ta ci. Ya ce wannan gubar ba ta kashe fitila, tana iya kashe mutum wuta na ci a gefensa. Fitilar ba ta yi mana ƙarya ba. An yi ta ne don iskar da kakanninmu suka sani, wannan kuwa baƙuwa ce, tare da injin ta zo.

Haruna ya farfaɗo washegari, lafiya lau. Mahaifinku ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Wata safiya ina goge masa fuska ya buɗe ido, ya dube ni, ya dubi Inna.

"Wa ya mutu kuka yi wannan huska?"

Inna ta faɗi tana sujada. Ni kuwa sai na ce masa ya tashi haka nan, ya cika son jiki.

Ranar da za a sallame mu dattijon nan ya ja ni gefe. Ya ce in sa masa ido wata ɗaya ko biyu. Wani lokaci gubar kan yi kamar ta tafi, sai ta dawo ta taɓa ƙwaƙwalwa. In ya wuce wannan lokacin lafiya, ya tsira ke nan. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauko maganar na kawo ta gida ni kaɗai.

Waɗannan makonnin su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma su ne mafi tsoro. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Ya shuka gero, yana tafe yana waƙar banza da ya ƙirƙira a kan injin Haruna. Ya ɗora ka a wuya, babbana, ya zaga da kai gona. Da yamma ya zauna kusa da murhu, inda maza ba sa zama, yana cewa rijiya ta koya masa son ganin sama. Ni kuwa kallonsa nake. In ya ɗauki ludayi ina duban hannunsa, in ya yi magana ina auna kalmomin. Har ya gane.

"Mi kike kallo haka, Hanne? Ko sabon miji aka ba ki a asibiti?"

"Tsohon ma ya ishe ni," na ce.

Kowace safiya da ya tashi ya tsokane ni sai in ce a raina, saura kaɗan. Gero ya kai gwiwa. Na fara sakin jiki, har na daina tashi in saurari numfashinsa.

Sai wata rana aka zo aka ce mini yana tsaye tsakiyar gona da fartanya a hannu, ba ya noma, ba ya tafiya. Bayan kwana kaɗan ya tsaya a tsakiyar Fatiha. Tafiyarsa ta koma ƙanana-ƙananan taku, fuskar nan mai motsi ta daskare. Inna ta tara malamai aka yi rubutu, mutanen Nomau suka kawo nasu taimakon, daga nan maganar aljanu ta samo asali. Muka koma asibiti aka ce sai haƙuri, wasu kan dawo a hankali. Na riƙe wannan kalmar, a hankali, na yi shekaru ina rayuwa a kanta.

Haruna bai gudu ba. Ya bar aikinsa ya zauna duk daminar, shi ya nome gonarmu, shi ke yi wa yayansa wanka. Amma abin da ya faru shi ne, da mahaifinku ya ga fuskarsa sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya miƙe yana lalubar bango yana ihu, "Ja shi! Nomau, ja shi!" A ganinsa ƙanensa har yanzu yana ƙasa fuska cikin ruwa. Sai an fitar da Haruna daga gidan yake lafawa. Bayan girbi Haruna ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, in ina nan kullum cikin rijiyar yake. Ki yahe mani in tahi."

Inna ta dafa kansa. Haka ya tafi. Mutum ne da ya rasa ɗan'uwansa sau biyu, kuma yana nan da ransa a Kaduna, ya tsufa. Ku je ku gaishe shi. Ba roƙonku nake ba, umarni ne.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya muku ba, domin nawa ne. Wata safiya cikin kakar nan na kai masa kunu a ƙofar ɗaki. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Sannan ya dube ni da ladabi.

"Baiwar Allah, ko kin ga matar gidan nan?"

Na zauna a gefen tabarmar.

"Wacce?" na ce.

"Hanne. Wata 'yar gajera mai baki. Ta hita tun ɗazu." Ya ɗan yi murmushi, na farko cikin watanni. "In kin gan ta kar ki biye mata, ba a cin ta da magana."

Na so in kama kafaɗunsa in girgiza shi in ce ga ni. Na gwada hakan daga baya, ba sau ɗaya ba, sai ya tsorata ya yi ta kuka, don haka na daina. Ku ya san ku nasa ne, ko da sunayen sun ɓace masa. Inna ma ya san ta har ta rasu. Ni kaɗai ce ya ajiye a wancan gefen, inda nake da ƙuruciya da dariya, ya ƙi yarda wannan mai jan ido ita ce. Har Allah ya karɓi ransa, da wuya mako ya wuce bai tambaye ni ita ba. Wani lokaci in kun yi nisa sai in zauna in ce ya ba ni labarinta, domin a nan kaɗai maganarsa ke sakuwa. Na ji yabon da bai taɓa yi mini a fuska ba, na ji shi a matsayin baƙuwa. Har kishinta na yi.

A wannan safiyar ta farko dai ya kurɓi kunun ya sake tambaya.

"Ba ta ce maki yaushe za ta dawo ba?"

"Tana hanya, Malam," na ce.

"To bari in jira ta."

Ya gyara zama ya fuskanci ƙofar gida. Ni ma na gyara nawa na fuskance ta, don ni ma akwai wanda nake jira.